Takunkumi mai taga: yana warware wa kurame matsala a lokacin annoba?

Mai Kula da Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Wata ƙungiyar iyayen yara kurame ce ta aiko da tambaya. Suna so su ba tela aikin ɗinka takunkumi irin wanda ake sa wa leda mai haske a daidai baki, yadda za a riƙa ganin leɓen mai magana, su raba wa malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. Hujjarsu ita ce duk lokacin da cuta mai bin numfashi ta ɓarke, kamar korona a 2020 ko mashaƙo a Kano a 2023, kowa rufe baki yake yi, kurma ya rasa ta inda zai kama magana. Abin da suke son sani: yana aiki kuwa? Yaya ake ɗinka shi? Wa ya kamata ya sa? Masana, bismillah.

Malamar Kurame: Wa alaikumus salam. Bari in fara da tambayar ƙarshe, don a nan ake yawan yin kuskure. Ba kurma ne yake buƙatar sa wannan takunkumi ba, mai magana da shi ne. Idan aka raba wa yaran aka bar malami da nas da mai sayar da magani da takunkumin yadi, an yi aikin banza. Yaran za su buƙace shi ne kawai idan suna hira da junansu, ko da malaminsu a aji.

Kuma kada a ɗauka karanta leɓe kaɗai ake nema. A maganar hannu fuska tana cikin nahawu. Tambayar da amsarta e ko a'a ce, da ɗaga gira ake yin ta. Tambayar “wa” ko “ina” ko “me ya sa”, da haɗe gira. Kumbura kumatu yana nuna abu babba ne, tsuke baki yana nuna ƙarami ne ko siriri. Alama guda da hannu tana iya zama umarni ko roƙo ko tambaya, fuska ce take bambancewa. Takunkumin yadi yana barin gira da ido a waje, amma ya cinye duk abin da ke ƙasan hanci.

Likitan Kunne: Malama ta yi daidai, amma ina so iyayen su rage buri tun yanzu game da karanta leɓe. Ko a Turanci, inda aka fi yin bincike, ƙiyasin da aka saba bayarwa shi ne kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na sautukan magana ne ake iya gani a leɓe. Saura mai kallo ne yake cikawa da hasashe. Hausa kuma tana da nata cikas. Ku tsaya gaban madubi ku ce bari, ɓari, mari, ba tare da murya ba. Motsi ɗaya ne. Har fari ma ya kusa shiga sahunsu, saboda f ɗinmu da leɓe biyu muke yin ta. Haka d da ɗ da t da n, duk a bayan haƙori suke. K da ƙ da g kuwa can ciki suke, ba a ganinsu sam. Karin sauti, wanda shi ne yake raba kukan yaro da kukar miya, ba ya fitowa a leɓe ko kaɗan. To ku duba abin da zai faru a ɗakin awo idan mace ba ta bambance “bari” da “ɓari” ba.

Ungozoma: Subhanallah. Likita, wannan misalin ya isa hujja. Kenan a asibiti ba za a dogara da taga kaɗai ba.

Likitan Kunne: Ko kusa, Hajiya. Ga kuma wani abin da ba a cika faɗa ba. Kowane takunkumi yana danne siraran sautuka irin su s, sh, ts, f, waɗanda su ne suke fayyace kalma. Awon da aka yi a 2020 ya nuna na asibiti mai laushi yana rage su da kamar desibel 3 zuwa 4 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), N95 kuma, wato takunkumin nan mai matse fuska da ke tace ƙananan ƙwayoyin cuta, yana kaiwa kusan 12. Masu leda sun fi na yadi mara kauri da na asibiti danne murya, domin leda ba ta barin sauti ya ratsa, sai dai ya fita ta gefe da sama. Saboda haka tsohon da jinsa ya ragu, wanda da kunne yake kama magana kuma idonsa ma ya yi rauni, takunkumi mai taga zai iya ƙara masa wahala. Kurame ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda aka haifa da shi, akwai wanda sanƙarau ko ƙyanda suka ɗauke wa ji bayan ya iya magana, akwai wanda tsufa ya rage wa. Na biyun ne ya fi cin moriyar ganin leɓe, don ya riga ya san yadda kalmomin suke a baki.

Tafintan Kurame: Na yarda da rabon da Likita ya yi, sai dai kada a rage darajar tagar fiye da kima. Ko mutum bai karanta kalma ɗaya ba, ganin bakin yana gaya masa ana yi masa magana ko an yi shiru, ana murmushi ko ana faɗa, da shi ake ko da na kusa da shi. A layin asibiti wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutum yakan zauna har a tashi bai san an kira sunansa ba.

Sannan a san da wace maganar hannu ake magana. Wadda ake koyarwa a makarantu irin na Tudun Maliki a Kano ta samo tushe ne daga ta Amurka, wadda Andrew Foster, wani kurma Baƙar fatar Amurka, ya yaɗa daga Ibadan tun 1960. Amma kuramen kasuwa da na ƙauye da yawa suna da tasu maganar hannu ta Hausa wadda suka gada daga juna. Dukkansu biyun suna aiki da fuska. Bambancin shi ne wanda bai shiga makaranta ba sau da yawa ba ya karatu, to shawarar nan ta “a rubuta masa a takarda” ba za ta yi masa komai ba.

Tela Mai Keke: Malamai, ku ba ni wuri in yi bayanin ɗinkin, tunda shi aka tambaya.

Leda tukuna. Ba ledar ƙunsa kaya ba, ba kuma ta ruwan leda ba, don numfashi yana jawo su su manne a baki. Ana neman mai haske mai ɗan kauri, irin wadda ake shimfiɗawa a kan teburin cin abinci ko a yi wa littafi bango, kaurin milimita 0.2 zuwa 0.3. Wadda ta fi haka kauri ba ta lanƙwasa da fuska, kuma ta fi toshe murya. Idan sabuwa ce tana wari, a wanke ta da sabulu a shanya a inuwa kwana biyu kafin a yanka.

Na babba: a yanka yadi faɗi santimita 24, tsawo 18, gida biyu aƙalla. Na ciki auduga mai shan gumi, na waje mai ƙarfin saƙa. A tsakiya a buɗe taga mai faɗin santimita 11 da tsawon 6, a naɗe bakinta ciki a goge da dutsen guga kafin leda ta zo kusa, don guga ɗaya take narkar da ita. Ledar a yanka 13 da 8, wato ta ɗara tagar da santimita ɗaya ta kowane gefe. A sa ta tsakanin yadin biyu. Kada a kafa ta da fil, duk hudar da aka yi wa leda ba ta rufewa, sai dai a kama da ɗan maƙalin takarda. A buɗe taƙin keke zuwa milimita 3 ko 3.5. Idan taƙin ya yi ƙanana, hudojin suna haɗewa su zama layin yagewa, wanki biyu taga ta fita. Layi ɗaya ake bi, ba a komawa baya a kan leda. Idan ƙafar keke tana maƙalewa, a shimfiɗa siririyar takarda a kai a ɗinka, a yage ta daga baya.

Abin da yake raba mai kyau da na banza shi ne tsayuwarsa. A yi masa kama a kan hanci da kama a ƙarƙashin haɓa, don ledar ta tsaya kamar santimita 2 daga leɓe. Idan ta kwanta a baki, janbaki da yawu za su ɓata ta, kuma leɓen ba ya motsi yadda ya kamata. A saman hanci a zura waya mai lanƙwasuwa santimita 10 zuwa 12, a lanƙwashe bakinta biyu don kada ta huda yadi.

Nas Mai Rigakafi: Malam Tela, aikinka ya fito. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a Yunin 2020 kan takunkumin yadi gida uku ce, ba biyu ba: auduga a ciki, a tsakiya wani yadi mara saƙa mai tace iska, a waje mai korar ruwa irin poliyesta. Wannan ya fi muhimmanci a nan, saboda leda ba ta tace komai. Iska ba ta ratsa ta. Duk numfashin mai shi sai ya bi ta ɗan yadin da ya rage a kewaye, ko ta giɓin gefen hanci da kumatu. Idan aka faɗaɗa tagar don a ga fuska sosai, yadin ya ragu, numfashi ya yi nauyi, iska ta nemi hanya ta gefe ba tare da an tace ta ba. An gudu ba a tsira ba kenan.

Tela Mai Keke: Gaskiya ne Sista. Shi ya sa ban wuce 11 da 6 ba. Gida uku ma yana yiwuwa, sai a zurfafa kamar haɓa don a samu wurin numfashi ta ƙasa.

Malamar Kurame: Ga masu maganar hannu 11 da 6 ya yi kaɗan, Malam. Kumatu ba sa fitowa. Ba za a iya kai shi 14 ba?

Nas Mai Rigakafi: Za a iya, Malama, amma a aji mai buɗaɗɗun tagogi, da tazara tsakanin malami da ɗalibai. Ban da ɗakin marasa lafiya. Bari ma in fito fili: wanda tela ya ɗinka, komai kyansa, ba kayan asibiti ba ne. Ba a shiga da shi wajen mai tarin fuka, inda N95 ake buƙata, ba a shiga da shi ɗakin killace masu mashaƙo ko zazzaɓin Lassa, ba a yin tiyata da shi. Akwai na kamfani da aka gwada. Wani mai haske da ake kira ClearMask ya samu amincewar hukumar abinci da magunguna ta Amurka a Agustan 2020 a matsayin takunkumin tiyata, gwamnatin Birtaniya kuma ta sayi guda 250,000 a Satumban shekarar don ma'aikatan lafiya da masu kula da tsofaffi. Amma shi ma matsayin na tiyata yake, ba na N95 ba, kuma sau ɗaya ake sa shi a yar. Idan iyayen suna son su taimaka wa asibiti, gara su matsa wa hukumar asibitin ta sayo irin wannan ta ajiye a wurin karɓar kati, ɗakin ganin likita, ɗakin haihuwa da wurin ba da magani. Na tela a bar wa makaranta, gida da kasuwa.

Likitan Kunne: Tunda Sista ta ambaci Lassa, ku lura da wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 25 cikin ɗari na waɗanda suka warke daga Lassa suna samun kurumta, rabinsu jin yakan dawo wani ɓangare bayan wata ɗaya zuwa uku. Mutum ne da jiya yake ji, bai san maganar hannu ba, bai taɓa koyon karanta leɓe ba, kuma duk wanda ya shigo masa a rufe yake daga kai har ƙafa. A nan babu batun taga. Allo da alli, ko kwali mai hotuna da aka yi wa rufin leda don a iya goge shi da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, shi ne mafita.

Mai Shagon Magani: Ni fa ina ganin an wahalar da abin. Me zai hana a sa garkuwar fuska, wannan faffaɗar roba da ake ɗaurawa a goshi? Fuska gaba ɗaya a waje, ba ta gumi sosai, ana wankewa a sake sawa, ga araha.

Nas Mai Rigakafi: Alhaji, garkuwa a buɗe take ta ƙasa da gefe. Tana tare feshin tari da atishawa da ya taho kai tsaye, tana kare ido, amma ƙananan ɗigon da ke yawo a iska suna zagayawa su shiga, na mai ita ma su fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ɗauke ta a matsayin madadin takunkumi ba. Ta dai yarda a koma gare ta idan takunkumi ba zai yiwu ba, kuma ta ambaci masu matsalar ji a cikin waɗannan, da sharaɗin ta sauko ƙasan haɓa ta kuma zagaye gefen fuska. Ƙaramar nan da ake maƙalawa a haɓa, mai buɗe ta sama, wadda masu sayar da abinci suke sawa, ita kam ado ce.

Mai Shagon Magani: To a shago fa, inda ciniki bai wuce minti biyu ba?

Tafintan Kurame: A shago abin da ya fi sauƙi shi ne ka ja baya mita biyu, ko ku fito bakin ƙofa inda iska take, ka sauke takunkumin ka yi magana ka mayar. A Ingila dokar sa takunkumi ta 2020 ta fito fili ta halatta cire shi idan ana magana da wanda ya dogara da karanta leɓe. Amma Alhaji, batun magani kada ka tsaya ga baki. Zana masa a jikin takarda: rana tana fitowa, rana a tsaka, wata, ka sa ɗigo biyu ko ɗaya a ƙarƙashin kowanne. Sannan ka sa ya nuna maka da hannunsa yadda zai sha. Gyaɗa kai ba shaida ba ce cewa an gane. Kurame da yawa suna gyaɗa kai ne don kunya ko don kada su ɓata wa mutum lokaci.

Ungozoma: Ku dawo kan gumin ledar, don shi ne ƙorafin kowa. Minti biyar ta yi fari fat, ba a ganin komai.

Tela Mai Keke: Hajiya, dalilinsa numfashi ɗumi ne da shi da laima, leda kuma ta fi shi sanyi, sai tururin ya zauna a kanta ƙananan ɗigo, su ne suke tare gani. Shi ya sa ya fi tsanani da sanyin safiya lokacin hunturu, da ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Maganinsa ɗigo ɗaya na sabulun ruwa na wanke kwano, ko shamfu na jarirai wanda ba ya yaji. A shafa da yatsa a cikin ledar, siriri, a bari ya bushe kamar minti goma, a goge da yadi mai laushi har ya yi haske, ba a ɗauraye ba. Sabulun yana hana ruwan dunƙulewa, sai ya bazu ya zama shimfiɗa mai haske. Yakan ɗauki wasu awoyi, bayan kowane wanki sai an sake. Idan aka zuba da yawa, ƙamshin yana hawa kai kuma ledar tana yin dishi-dishi. Kada a sa man goge baki, yana kankare ta. Kada a riƙa goge ta da sanitaiza, a hankali tana dusashewa ta yi tauri.

Nas Mai Rigakafi: Wanki ma akwai matsala. Ƙa'idar takunkumin yadi ita ce a wanke kullum da sabulu da ruwan zafi digiri 60, ko a wanke da ruwan sanyi sannan a tafasa minti ɗaya. Leda ba ta jure tafasa, murɗewa take yi.

Tela Mai Keke: Wasu suna yin tagar kamar aljihu, a zare ledar a wanke yadin daban. Yana da daɗin wanki, amma bakin aljihun yana zubar da iska, sai an sa masa marfi da ya hau kan ledar da santimita biyu. Ni na fi son ɗinkakke: ruwa mai ɗumi da sabulu, a cuɗa yadin da hannu ba a murza ledar ba, a shanya a miƙe a inuwa. Kowane malami ya samu uku, ɗaya a fuska, ɗaya a jaka don canji idan ya jiƙe da gumi, ɗaya a igiyar shanya. Da zarar leda ta tsage a layin ɗinki ko ta dusashe, a yar.

Likitan Kunne: Malam Tela, na yaran kada ka sa musu robar kunne. Mai na'urar ji ta bayan kunne, robar tana sarƙewa da ita, wajen cire takunkumi sai ta fizgo na'urar ta faɗi ba a sani ba, ga ta da tsada. Tana kuma gogar makirfon ta riƙa ƙara. A yi igiya mai ɗauri a ƙeya, huɗu, kowacce santimita 40. Masu hijabi ma wannan ya fi musu, don ana ɗaurawa ta kan hijabin.

Malamar Kurame: Saura haske. Leda tana ƙyalli. Idan malami ya ba taga ko ƙofa baya, fuskarsa duhu take yi, idan kuma fitila ta doki ledar kai tsaye, ƙyallin ne kawai ake gani. Hasken ya zo daga gaba ta ɗan gefe. A jera kujeru rabin da'ira don kowa ya ga kowa. Kada malami ya yi magana yana rubutu a allo. Kada a ɗaga murya ko a wage baki, hakan yana lalata siffar kalma, a yi magana yadda aka saba, a ɗan sassauta, a fara da faɗin abin da za a yi magana a kai. Idan ba a gane jimla ba sau biyu, a canza kalmomin, maimaitawa ba ta ƙara komai.

Tafintan Kurame: Kuma kada rabon takunkumi ya sa wani shugaban asibiti ya ce ya gama da kurame. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, tana nan, kuma tafinta shi ne abin da kurma mai maganar hannu yake buƙata idan za a nemi yardarsa kan tiyata ko a gaya masa sakamakon gwaji. A lokacin korona an hana 'yan rakiya shiga ɗakuna da yawa, alhali ɗan rakiyar shi ne bakin mara lafiyar. Idan ba za a bar tafinta ya shiga ba, a kira shi ta bidiyo a WhatsApp, a jingina wayar a inda hannuwan mara lafiyar biyu za su fito, a sa ta cikin leda mai zif don a iya gogewa.

Mai Kula da Zaure: Allah ya saka da alheri. Iyayen sun sake tambaya: kafin tela ya yanka yadin gaba ɗaya, yaya za su gwada samfuri?

Nas Mai Rigakafi: Ya ɗinka biyar tukuna, girma daban-daban. Malami ya sa ɗaya ya koyar da darasi cikakke, minti arba'in, da rana tsaka, ba gwajin minti biyu a shago ba. A duba abu huɗu: ko ledar tana taɓa leɓe idan ya ja numfashi, ko takunkumin yana zamewa daga hanci idan ya buɗe baki, ko mai tabarau gilashinsa yana gumi, wanda ke nuna iska tana tserewa ta sama kuma wayar hanci ba ta kama ba, da ko yana jin buƙatar ɗaga shi don ya huta. Sannan a zaunar da ɗaliban a nisan mita biyu, su ne za su faɗi wanda suka fi gani. Wanda suka zaɓa a wanke shi sau biyar a ga yadda layin ɗinkin ya kasance, sannan a ba tela sauran kuɗin.